Hannun Magini da Idon Mai Saye

     Daga nan Tudun Wadan Zariya nake magana da ku.

Yau a kan tukwane za mu yi magana. E, tukwanen yumɓu. Na san wani zai ce, duk abin da ke damun ƙasar nan, sai tukunya? A ba ni 'yan mintoci. Za mu je ƙasar Japan. Za mu biyo ta Ingila, mu yada zango a Suleja, sannan mu dawo gida Zazzau. Tafiyar da nisa, amma hanyar ɗaya ce.

Ga abin da nake so ku riƙe tun daga farko. Hannun mai yi kaɗai ba ya ɗaga sana'a, sai an samu idon mai saye. Mu nan hannu muna da shi. Ido ne ya yi mana ƙaranci.

To, mu fara da Japan.

In aka ambaci Japan a garin nan, abin da ke faɗo wa mutum shi ne Toyota da Honda da Yamaha. Wataƙila ma rediyon da kuke ji na a ciki aikinsu ne. Ƙasar injuna ce, babu musu. Amma a wannan ƙasa ta injuna, akwai wanda zai zauna da curin yumɓu a gabansa, ya gina kwanon shan shayi da hannu, gwamnati ta ɗauke shi a matsayin taskar ƙasa. Mutum mai rai, mai ci mai sha, a ce shi ne taska.

Yaya aka yi haka? Bayan yaƙin duniya na biyu, a 1950, suka kafa dokar kare kayan gadonsu. Sun lura da wani abu. Gini in ya tsage, ana yaɓe shi. Littafi in ya tsufa, ana kwafe shi. Amma gwanintar da ke hannun tsoho, ran da ya rasu, tare suke tafiya. Sai suka ce to, a nemo gwanayen tun suna raye. A ba su girma. A riƙa ba su tallafi duk shekara, su kuma su koyar da na baya. A 1955 aka fara bayyana sunayensu. A cikin na farkon akwai wani maginin tukwane, Shoji Hamada.

Bari mu ɗan daɗe a kan wannan mutumin, don shi ne zaren da zai kawo mu gida.

Hamada ya yi karatu mai zurfi. Makarantar fasaha ya yi a Tokyo. Ya san sinadaran da ke cikin ƙasa, ya san abin da wuta ke yi musu. Da ya so, da ya zauna a babban kamfani. Sai ya tattara ya koma wani ƙauye mai suna Mashiko, arewa da Tokyo. Me ake yi a Mashiko a lokacin? Kayan girki na talaka. Tukwanen ajiye ruwa, da butocin shayi, da kwanukan niƙa. Kayan da in sun fashe ba mai yin kuka. Yumɓun garin ma mai tsakuwa ne, ba shi da laushin na manyan birane. Shi Hamada wannan yumɓun ya zaɓa.

Da abin da ke ƙauyen ya yi aiki. Ƙyallin nan mai kama da gilashi da ke jikin tangaram, shi da tokar itace yake haɗa nasa, da tokar ƙaiƙayin shinkafa, da dutsen yankin da aka niƙe. Yakan ɗebo ruwan haɗin a ludayi, ya kwarara shi a kan babban faranti, sau ɗaya. Ba gyara, ba komawa. Inda ya bi, nan ya bi. Zanen da ya fi so ya yi da buroshi kuwa, karan rake ne da ganyensa. Mutanen Makarfi da Kudan, kun ji. Raken da kuke lodawa a mota, wani ya kwashe shekaru yana zana shi a jikin kwano, duniya na rububi.

Wani abu kuma. Yawancin kayansa ba ya sa musu suna a gindi. A ganinsa aikin ya isa ya faɗi mai shi. In ba ka gane hannunsa a jikin kwanon ba, hatimi ba zai taimake ka ba.

Hamada ba shi kaɗai ba ne. Yana da aboki, wani masani mai suna Soetsu Yanagi, da wani maginin na birnin Kyoto, Kanjiro Kawai. Su ne suka tayar da wata tafiya da suka kira Mingei, tun wajen 1926. Abin da suke kira a kai mai sauƙi ne. A daina neman kyau a fadar sarki kaɗai. A duba madafa. A duba abin da talaka ke ci a ciki kullum, wanda maginin da ba a san sunansa ba ya gina. Suka bi ƙauyuka suna tattara irin waɗannan kaya, har suka buɗe musu gidan adana a Tokyo a 1936. Kun ga, kafin su nemi a saya, sai da suka koya wa mutane kallo.

Akwai wani gari kuma, Bizen. Wannan ya fi kama da namu. Tukwanen Bizen ba a shafa musu ƙyalli ko kaɗan. Yumɓu ne tsurarsa, ja-ja, mai duhu. A jera su a tanderu, a yi ta zuba itace dare da rana, kwana goma ko fiye. Toka ta tashi ta sauka a kafaɗar tulu, ta narke, ta bar ɗigo-ɗigo kamar an watsa riɗi. Inda aka naɗe da tattakar shinkafa, sai jan layi ya fito. Inda harshen wuta ya lasa, sai ya yi baƙi. Wannan tabon wuta, wanda a kasuwarmu zai sa a nemi ragi, shi mai saye a can yake nema. Shi yake biya. Gwaninsu Toyo Kaneshige, shi ma an ba shi wancan girma na taskar ƙasa a 1956.

Almajirin Hamada kuma, Tatsuzo Shimaoka, ɗan mai kitsa igiya ne. Sai ya ɗauki igiyar gidansu yana mirgina ta a jikin ɗanyen yumɓu, ta bar sawu, ya cike sawun da farar ƙasa. Da wannan ya yi suna, har shi ma ya zama taskar ƙasa a 1996. Iyayenmu mata, ku tashi ku dubi wuyan tsohuwar randa ko tulun da ke gidanku. Sau da yawa za ku ga irin wannan sawun. Maginanmu sun daɗe suna mirgina murɗaɗɗen zare a jikin tukunya. Ba wanda ya kira su taska.

Yanzu mu zo kan kallon kansa. Yaya mutumin Japan mai ido yake duban kwano?

Da farko, ba ya tsayawa daga nesa. Zama yake yi. In da zobe a hannunsa, ya cire, kada ya ƙarce kayan mutane. Ya ɗauka da hannu biyu, ƙasa-ƙasa, kusa da tabarma, don ko ya suɓuce kada ya fashe. Ya ji nauyinsa. Shin nauyin ya yi daidai da abin da ido ya zata? Ya shafa bakin, don nan leɓe zai taɓa. Ya juya shi a hankali, don kowane gefe da fuskarsa. Sannan ya kifa shi ya dubi gindin. A gindin ake ganin ainihin yumɓun, a ga yadda wuƙar magini ta bi, ko da ƙwarin gwiwa ya yanka, ko da ɗar-ɗar. Bayan duk wannan, ya zuba shayi ya sha. Kwanon da ba a sha a ciki ba, a wurinsu, bai gama zama kwano ba.

Kada wannan ya zama muku baƙon abu. Ku ba Bazazzagi hula. Ba zai tsaya kallon wajenta ba. Juya ta zai yi, ya dubi cikin. Nan take zai gaya maka ko ɗinkin hannu ne ko na keke. Zai gaya maka ko mai ɗinkin ya yi haƙuri ko ya yi gaggawa. In ta hannu ce mai kyau, zai biya ninkin ba ninkin, bai ji ciwo ba. To, abin da muke yi wa hula, shi suke yi wa kwano. Ke nan idon ba a Japan aka halicce shi ba. Muna da shi. Tukunya ce kawai ba mu ɗora shi a kanta ba.

Mai sauraro zai ce, to mun ji labarin Japan, ina ruwan Zazzau? Ga inda hanyar ta biyo.

Wani Bature ɗan Ingila, Bernard Leach, ya zauna a Japan, ya koyi ginin tukwane a can. A 1920 ya koma gida, ya tafi da Hamada, lokacin yana saurayi. Su biyu suka kafa wurin gini a wani garin bakin teku mai suna St Ives, suka gina tanderu irin na Japan. Bayan shekara uku wani matashi ya zo koyo wurinsu. Sunansa Michael Cardew. Wannan Cardew shi ne gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauka aiki a 1950, ta ce ya zo Nijeriya ya duba harkar tukwane.

Ya zagaya ƙasar Arewa yana neman inda zai kafa makaranta. Yana son wuri mai yumɓu, mai ruwa, mai itace. Sai ya isa Abuja. Ba Abujar yau ba, ta da, wadda yanzu muke kira Suleja. Zage-zagi kun san wannan gari ɗan uwa ne. Sarakunan Zazzau na Haɓe ne suka kafa shi bayan sun bar Zariya a zamanin jihadi. Sarkin garin a lokacin shi ne Alhaji Sulaimanu Barau, mutum mai ilimi, wanda ya yi Kwalejin Katsina.

A gidan Sarki Cardew ya ga wasu tukwane da suka tsayar da shi. Na wata Bagwariya ce daga ƙauyen Kwali. Sunanta Ladi.

Ku tsaya nan, jama'a, don nan ne zuciyar maganar. Kafin Bature ya zo, Sarki ya riga ya gani. Sarkin ne ya ga tulun Ladi ya ce wannan ba na ɗiban ruwa kaɗai ba ne, ya saya ya ajiye. Ana yawan ba da labarin kamar Bature ne ya gano ta. A'a. Idon gida ne ya fara ganin ta. Da Sarki Sulaimanu Barau bai da ido, da Cardew ya sha ruwa a fada ya wuce.

Aka buɗe makarantar koyon ginin tukwane ta Abuja a farkon shekarun 1950. Ladi Kwali ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko. Ba koyon gini ta je yi ba, don tun tana yarinya ta koya a gida, wurin 'yar uwar iyayenta. Ita ba ta buƙatar faifan da ke juya yumɓu. Curin yana zaune, ita ce ke zagaya shi. Tana ja, tana ɗora murɗi a kan murɗi, tana shafewa, har tulu ya tashi daidai wa daida kamar an auna. Sannan ta ɗauki ɗan tsinke ta zana masa ƙadangare, da kunama, da kifi, da kada, da tsuntsu, kowanne a cikin gidansa na layuka. Abin da makarantar ta ƙara mata shi ne sabon haɗin yumɓu, da ƙyalli, da tanderu mai zafin da ya haura digiri 1200. Ta kuma koyi aiki da faifan, tana yin faranti da kofi da kwano.

Aka kai kayanta Landan a ƙarshen shekarun 1950, aka yi ta rububi. Ta je Ingila da Amurka tana gina tulu a gaban jama'a, malaman jami'a na zaune suna kallo. Matar da ba ta yi boko ba. A 1977, Jami'ar Ahmadu Bello, a nan Zariya, ta ba ta digirin girmamawa na dakta. A 1980 gwamnatin tarayya ta ba ta lambar yabo mafi girma da ake ba masana. Ta rasu a Minna a 1984.

In akwai naira ashirin a aljihunku, ku ciro ta. Gaba Janar Murtala ne. Ku juya bayan. Matar nan da ke sunkuye a kan tukunya, ita ce. Shekara da shekaru muna miƙa ta wa mai ruwan leda, muna karɓar ta canji wurin ɗan acaɓa. Mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa tambayar wace ce? Hannu muna da shi, har a kan kuɗinmu. Ido ne ya yi ƙaranci.

To, yanzu ga inda maganar ta ɗan yi tsami. Ba zan ɓoye muku ba.

Tulun Ladi na gargajiya, wanda aka gasa a fili da itace da ciyawa, yana da ƙananan ƙofofi a jikinsa da ido ba ya gani. Ruwa na tsattsafowa ta nan, iska ta ɗauke, abin da ke ciki ya yi sanyi. Sirrin randa ke nan. Amma da aka shafa wa tulun ƙyalli aka gasa shi a tanderun Bature, sai ƙofofin suka toshe. Ya yi kyau, ya yi ƙarfi, ya yi nauyi. Ya daina sanyaya ruwa. Kuɗinsa kuma ya fi ƙarfin matar ƙauye. Su wa suka saya? Yawanci Turawa ne da manyan ma'aikata. Shi ya sa yau in kana son ganin mafi kyawun aikinta, da yawansu suna gidajen adana kaya na Ingila da Amurka. An ɗaga sunan Ladi, haƙiƙa. Amma tulun ya bar tsakar gida ya koma cikin akwatin gilashi.

Japan ma ba ta tsira daga irin wannan ba. Hamada ya tashi ne da kiran a girmama kayan talaka. Yau kwanonsa talaka ba ya iya saye. Shi da ya ƙi sa suna a gindin kwano, an koma ana neman akwatin katakon da ya sa wa hannu, don shi ke tabbatar da kuɗin. Wani ma akwatin yake saye, kwanon ya biyo baya. Wannan ba ido ba ne. Kasuwa ce kawai ta sa babbar riga.

Amma duk da haka akwai bambanci, kuma bambancin shi ne darasin. A Japan, a ƙarƙashin manyan gwanayen nan, akwai dubban ƙananan magina da ke ci da sana'ar. Me ya sa? Don mutanen gari na saye. Ma'aikaci zai sayi kofin hannu guda ɗaya, ya riƙa shan shayi a ciki shekara ashirin. Mai gidan abinci zai zaɓi farantin da ya dace da abin da zai zuba. Manyan kantuna na ware wuri a baje aikin magini ɗaya, da sunansa. A Mashiko ana cin kasuwar tukwane sau biyu a shekara, mutane su yi ta tururuwa daga birane. Masu sayen 'yan ƙasa ne. Ba jiran baƙo ake yi ba. Namu kuwa, da Turawan suka tafi, sai ciniki ya bi su.

Kada kuma wani ya ɗauka ina zagin roba ne. Ba ni da bakin yin haka. Wadda ta taɓa ɗaukar tulu cike daga rafi zuwa gida ta san abin da jarka ta sauƙaƙa mata. Tukunyar ƙarfe ba ta fashewa. Kula tana riƙe zafin tuwo. Kowanne da ranarsa. Ba cewa nake a koma jiya ba. Japanawa ma ba su koma jiya ba. Firji na nan a gidajensu, kwanon yumɓu na kan tebur.

Yanzu mu shigo gida sosai. Mu shigo Zariya.

Garin nan ba baƙon girmama mai aikin ƙasa ba ne. A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, an yi wani magini, Malam Mika'ilu, wanda ake kira Babban Gwani. Shi ya gina Masallacin Juma'a na cikin birni, da ƙasa da azara, da bakan gizon da har yau masana gine-gine ke zuwa kallo daga ƙasashen waje. Sarki ya san darajarsa. Gari ya san sunansa. Har yau akwai unguwa a cikin birni da ke amsa wannan suna. Fiye da shekara ɗari kafin Japan ta yi dokarta, Zazzau ta san yadda ake ɗaga gwani tun yana raye.

A garin nan ne kuma, a 1958, wasu ɗaliban zane na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello suka kafa ƙungiya. Su Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo. Suka ce ba za su kwaikwayi Bature ido rufe ba. Za su ɗauki dabararsa su haɗa da gadon gida. Kusan abin da su Hamada suka yi ke nan a nasu ɓangaren. Har gobe a Samaru akwai sashen da ake koyar da aikin yumɓu da tangaram. Duk shekara yara na gamawa. Ina suke zuwa? Da yawa sai su ajiye yumɓun su nemi wani abin yi, don ba mai saye.

A gefe guda kuma ga maginanmu na gargajiya, a ƙauyukan da ke kewaye da mu. Su ke yin randa da tulu. Su ke yin tandar waina, da kaskon turaren wuta, da asusun yara, da tukunyar da masu magani ke nema. Wasu a yankin nan sukan yayyafa wa tukunya ruwan makuba tana fitowa daga wuta, ta yi duhu mai sheƙi. Ilimi ne wannan, ba a allo aka rubuta shi ba. Ɗalibin Samaru na da tanderu da littafi. Tsohon ƙauye na da shekara arba'in a hannunsa. Tsakaninsu tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce a mota. Ni a ganina ya kamata wannan hanya ta fi haka cika.

Kuma kada a ce yumɓu ya gama amfani. Wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya ɗauki tukunya ƙarama ya sa a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi. Sai ga tumatir da alayyafo suna kwanaki ba su lalace ba, babu lantarki. A shekarar 2000 aka ba shi babbar kyauta ta duniya a kan haka. Sirrin randar kakarmu ne ya yi wa kallo na biyu.

To, ina idon namu ya tafi? Bai mutu ba. Ku shiga ɗakin amarya ku ga jere. Ku ga yadda uwa ke zaɓen kwano da samira da tangaram, wannan ya dace da wannan, wancan bai shiga ba. Mai wannan zaɓe ba za a ce ba ta san kyau ba. Sai dai duk abin da ke cikin kabad ɗin daga waje ya zo. An koya mana cewa abin da ya ƙetaro teku shi ne na nunawa, na yumɓu kuwa na bayan ɗaki ne. Koya mana aka yi. Abin da aka koya kuwa, ana iya sake koyon waninsa.

Iyayenmu mata ma sun riga mu. Ku dubi tsohuwa in za ta sayi tukunya. Takan ɗaga ta, ta ƙwanƙwasa da yatsa, ta kasa kunne. In ta yi ƙara garau, ta gasu. In ta yi dum, akwai tsaga a ɓoye. Takan shafa cikin ta ji ko kaurin ya yi daidai. Takan ajiye ta a ƙasa ta ga ko za ta zauna. Rabin abin da mutumin Japan ke yi ke nan. Saura rabi ɗaya. Bayan an tambaya ko za ta yi aiki, a ƙara da tambaya ko ta yi kyau. A kuma tambayi wa ya gina ta.

Wannan tambaya ta ƙarshe, kada ku raina ta. Wa ya gina? A kasuwa tukwane goma za ka gani a jere, kuɗinsu ɗaya. Amma ba hannu ɗaya ya yi su ba. A ciki akwai ta gwani, akwai ta ɗan koyo. In kuɗin gwani da na ɗan koyo ɗaya ne, don me gwani zai ɓata yini yana gyara wuyan tulu? Don me ɗansa zai gaje shi? Ranar da dillali ya ji mutum uku sun ce ta wance muke so, ranar farashinta ya bambanta. Ranar kuma 'yarta za ta fara kallon yumɓu da wani ido. Haka Ladi Kwali ta fara. Mutane ne suka riƙa cewa ta Ladi muke so, har maganar ta kai fada.

Saboda haka, ga 'yar roƙona gare ku, masu saurare.

Masu gidajen abinci da otal-otal na Zariya da Kaduna, ku gwada sa wa yaran Samaru aikin faranti da kofi. Masu shirya biki, a cikin kayan rabo, a samu kaskon turare na hannu mai kyau, da sunan wanda ya yi. Malaman makaranta, in an tashi yawon buɗe ido da yara, a kai su wurin magina su ga yadda curi ke zama tulu. Wanda hanya ta kai shi Jos, ya leƙa gidan tarihi, akwai tukwanen ƙabilun ƙasar nan birjik. Masarauta kuma, Allah ya ja zamanin Sarki, gidan da ya san Babban Gwani ba sai an koya masa yadda ake karrama mai sana'a ba.

Kai kuma ɗan uwa, ke kuma 'yar uwa, in kun shiga kasuwar Tudun Wada ko ta Sabon Gari a makon nan, kuka ga inda aka kife tukwane, ku ɗan tsaya. Ku ɗauki ɗaya da hannu biyu. Ku ƙwanƙwasa. Ku juya ta, ku dubi gindin. Ku tambayi mai sayarwa daga wane gari take, kuma hannun wa. In ta yi muku, ku saya, kada ku matse shi a ciniki har ya rasa na mota.

Nan za mu dakata a yau.